WA YA KWASHE RUMBUN TALAKA? WAIWAYE A KAN TARIHIN YUNWA A ƘASAR HAUSA

Kakata, Allah ya jiƙanta da rahama, ba ta san shekarar da aka haife ta ba, amma ta san shekarar da aka yi mata aure. In an tambaye ta sai ta ce, "Ai shekarar Muda aka kai ni ɗaki." Mahaifiyarta kuwa, in ji ta, goyon Kakalaba ce. Muna yara mukan yi dariya, don mun ɗauka sunayen waɗansu sarakunan dauri ne. Sai da na zo jami'a na fara leƙa littattafan tarihi sannan na gane ashe sunayen yunwa ne. Kakalaba ita ce ta 1913 zuwa 1914, Muda kuwa ta 1953 zuwa 1954. A tsakaninsu akwai 'Yan Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942. Watau dai talakan ƙasar Hausa, wanda bai riƙe alƙalami ba, da wahalarsa yake lissafin shekaru, kamar yadda marubutan fada suke lissafi da zamanin sarakuna.

In ka tambayi dattawan da suka ga waɗannan shekaru abin da ya jawo su, amsar ba ta wuce ɗaya: ruwa ne ya ɗauke, ko fara ce ta sauka, Allah ne ya kawo. Ba Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara, ni ma ba jayayya na zo yi ba. Amma akwai wata tambaya da ta daɗe tana damuna, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Gonar hakimi da gonar talaka sama ɗaya suke kallo, ruwan da ya ɗauke wa wannan shi ya ɗauke wa wancan. To, me ya sa ba mu taɓa jin labarin hakimi, ko attajiri, ko malamin En'e da yunwa ta kashe ba? Lalle akwai wani abu da yake shiga tsakanin fari da kushewa, wanda yake zaɓen gidan da zai shiga. Shi nake so mu bi sawunsa.

Kafin zuwan Turawa

Kada mai karatu ya zaci zan ce masa ƙasar Hausa aljanna ce kafin 1903. Tarihin Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na sha tara, ya ambaci yunwar da ta daɗe shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, ya kuma ambaci wata a zamanin Alwali, sarkin ƙarshe kafin jihadi. An yi Banga-Banga a wajen 1855. Ga bauta da rinji, ga hare-haren da suke hana mutum kwana a gonarsa, ga Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera jangali da kuɗin gari da gaisuwa a cikin zaluncin sarakunan zamaninsa, alhali kuwa waɗansu daga cikin waɗannan abubuwa sun komo bayan jihadin.

Duk da haka manomin wancan zamani ya san fari baƙo ne mai dawowa, kuma ya yi masa tanadi. Yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Yana ajiye gero da zangarniyarsa a rumbu, inda zai shekara biyu ko uku bai lalace ba, kuma abin kunya ne ga magidanci a ce rumbunsa ya ƙare kafin sabon gero ya nuna. Gandu yana haɗa uba da 'ya'yansa da ƙannensa a tukunya ɗaya. Da rani akwai saƙa da rini da jima da ƙira da fatauci, ga noman fadama. Sa'an nan zakkar hatsi, wadda hukuma take karɓa, dami ɗaya ce cikin goma: in gona ta yi albarka ta yi yawa, in gona ta ƙi ta ragu, in abin bai kai nisabi ba ta faɗi gaba ɗaya. Kuma hatsin da aka karɓa ba ya barin ƙasa. Yana rumbunan masu sarauta, inda al'ada da addini suka ɗora musu buɗe shi ranar wuya, ko da yake ba kullum suke sauke wannan nauyi ba. Akwai kuɗin ƙasa da ake biya da wuri a Kano da Katsina da Zazzau, akwai kuɗin rafi da kuɗin karofi, saboda haka biyan haraji da kuɗi ba baƙon abu ba ne. Sai dai wuri kuɗi ne da yake yawo a kowace kasuwar ƙauye, wanda mai sayar da daddawa ma tana da shi a tukunya.

Haraji da sule

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Abin da ya fi damun Lugga da mutanensa bayan nan shi ne yadda ƙasar za ta ɗauki nauyin mulkinta da kanta, don gwamnatin Ingila ba ta son ci gaba da zuba kuɗi. A cikin 'yan shekaru kaɗan suka tattara zakka da kuɗin ƙasa da sauran ƙananan kuɗaɗe suka mai da su haraji guda. Suka fitar da hakimai daga birni suka zaunar da kowa a gundumarsa. Suka kafa Baitulmali, wanda Palmer ya fara a Katsina, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi daga cikinsa, rabin harajin kuma ya tafi ga gwamnatin Turawa. A ƙasar Kano har aka fito da malaman taki, masu auna gona da ƙafa, a ɗora mata kuɗi gwargwadon faɗinta.

A ido wannan gyara ne, kuma haka Turawan suka rubuta a rahotanninsu, cewa sun raba talaka da jakadu masu ci da ceto. Amma a duba abubuwa uku da suka sauya. Na farko, harajin ya daina bin amfanin gona. Faɗin gona ba ya raguwa don an yi fari, adadin da aka yanka wa gari kuma yana nan ko rumbu ya cika ko bai cika ba. Na biyu, aka ce da sulen Ingila za a biya, aka yi ta ture wuri har ya mutu, sule kuwa a hannun Bature yake. Mai son sa sai ya yi dako, ko aikin hanyar jirgi, ko haƙar kuza a Jos, ko ya noma abin da kanti yake saye. Na uku, wanda ya fi duka illa a ganina, shi ne lokacin karɓa. Da kaka ake karɓar haraji, ranar da kowa ya fito da hatsinsa kasuwa gaba ɗaya, ranar da mudu ya fi arha a duk shekara.

Bari mu yi ɗan lissafi, misali kawai. Mu ce magidanci ya sami dami arba'in, iyalinsa kuma arba'in ɗin suke bukata su kai sabuwar kaka. Dagaci ya aiko, dogari yana ƙofar gida. Ya sayar da dami shida a farashin kaka ya biya haraji. Ga bikin 'ya, ga suna, ga tufafin salla, waɗansu huɗu suka bi. To, rumbu zai ƙare ke nan ana tsakiyar damina, daidai lokacin noman farko da maimai, lokacin da hatsin nan da ya sayar ya ninka kuɗinsa sau biyu ko fiye a hannun wanda ya saya ya ɓoye. Hanya biyu ce ta rage masa. Ko ya ci falle, watau ya ari dami ɗaya ya biya biyu da kaka, ko ya bar gonarsa ciyawa tana ci ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo mudun dare. Kowacce ya bi, kakar baɗi za ta same shi da ƙasa da dami arba'in, haraji kuwa yana nan yadda yake. Shekara uku a haka sai jinginar da gona. Duk wannan fa a shekarun da ruwa ya yi kyau ne. Ba a yi fari ba, ba a yi fara ba, ba wanda ya ji kururuwa, amma rumbun tsimin da kakanninsa suke ajiyewa don ranar wuya ya riga ya tafi. Ran da fari ya zo, gida buɗe ya tarar.

Gyaɗa, jirgin ƙasa da Kakalaba

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Masu masaƙun Ingila auduga suka sa rai za a yi ta ɗauka, har sun kafa ƙungiya domin haka tun 1902. Manomin Kano ya yi nasa lissafin ya ga gyaɗa ta fi, don kuɗinta ya fi, ƙasar jigawa tana karɓarta, kuma in ta ƙi sayuwa ana iya cin ta. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, suka karɓi jari daga kamfanonin Turawa suka baza yaransu ƙauyuka. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan dubu uku ba. A 1913 ta haura tan dubu goma sha tara.

A wannan shekara ta 1913 ruwan da aka auna a Kano bai wuce inci 19 ba, alhali an saba samun fiye da inci 30. Gero ya bushe a tsaye daga ƙasar Sakkwato har Barno. Kafin bazarar 1914 mutane sun koma cin tafasa da yaɗiya da bado, suna tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara, suna sheƙar ƙarangiya. Jama'a suka yi ta kwararowa daga ƙasar da Faransa take mulki, daga Damagaram da arewacinta, suna faɗuwa a kan hanya. Wani jami'in Turawa mai suna Hastings, wanda ya yi aiki a lardin Kano a lokacin, ya ba da labarin abin da ya gani a littafinsa na 1925, kuma ƙiyasin Turawan da kansu ya nuna mutanen da suka mutu a lardin Kano kaɗai sun kai dubun dubata.

A nan ya kamata a yi adalci. Waɗansu marubuta sukan ɗora wa gyaɗa laifin Kakalaba gaba ɗaya, ni kuwa ban yarda ba. Farin 1913 mai tsanani ne wanda ko a zamanin da zai kashe mutane, kuma gonakin da gyaɗa ta ci a lokacin ba su kai yadda za ta ci daga baya ba. Abin da ba shi da uzuri shi ne halin hukuma. An karɓi harajin kakar 1913 daga mutanen da gonarsu ba ta ba da kome ba. Jirgin da ya iya kwashe dubban tan na gyaɗa zuwa Ikko zai iya komowa da abinci a kan lokaci, amma ɗan abin agajin da aka yi odarsa ya iso a makare, kuma bai taka kara ya karya ba. Hankalin Lugga yana kan haɗe Kudu da Arewa, wanda aka yi ran 1 ga Janairu 1914. Kowane ɗan firamare ya san wannan rana. Nawa ne daga cikinmu aka taɓa gaya wa cewa a cikin watannin da suka biyo bayanta ana binne mutane a gefen hanyoyin Kano ba tare da an san sunayensu ba?

Sunan yunwar 1927 shi kaɗai ya isa sharhi. 'Yan Buhu aka ce da ita, domin hatsin da aka ci a lokacin a buhu ya zo daga nesa. Mutumin da ya saba hawa rumbunsa ya sauko da dami, yanzu ya koma jiran buhu, buhu kuwa sai mai kuɗi. Bayan shekara biyu kasuwar duniya ta faɗi. Tan ɗin gyaɗa da ake saye fiye da fam goma a Kano ya sauko har ƙasa da fam uku a wajen 1934, haraji kuwa bai sauko daidai da haka ba. Ma'anar wannan ita ce manomi ya ƙara wa gyaɗa fili, ya rage wa gero, don ya tara sulallan da bara rabin wannan gyaɗar ya kawo masa. Ga 'yan baranda a bakin sikeli, ga bashin da aka ba shi tun damina a kan gyaɗar da ba ta nuna ba. A daidai waɗannan shekaru kuma fara ta yi ta sauka. A yammacin Nijar, inda hannun Faransa ya fi nauyi, farar ta haɗu da haraji da aikin tilas suka haifar da yunwar 1931, wadda ta kashe dubban mutane ta kuma koro waɗansu dubbai zuwa ƙasar Sakkwato. Masana irin su André Salifou da Finn Fuglestad sun bi takardun Faransawan sun nuna cewa jami'ai sun ci gaba da matsa wa mutane lamba su biya haraji alhali garuruwa suna watsewa.

Diban gwamna

A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Malaya kuwa ita ce babbar mahaƙar kuzarsu. Sai ido ya komo kan Jos. Da yake kamfanonin kuza ba su son ƙara lada yadda mutane za su zo da kansu, gwamnati ta yi dokar aikin tilas. Aka yanka wa kowane lardi adadin mazan da zai kawo, Razdan ya ɗora wa sarki, sarki ya ɗora wa hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci. Talakawa suka sa wa abin suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutane kusan dubu ɗari, kamar yadda Bill Freund ya nuna a littafinsa na tarihin ma'aikatan kuza. Kowa ya san ɗan wa dagaci zai rubuta. Ba zai rubuta ɗansa ba, ba zai rubuta ɗan mai kawo gaisuwa ba. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina aka kai su sanyin duwatsun Jos ba bargo, ba ɗakin kirki, ba isasshen abinci. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu.

Ɓarnar ba a bakin ramin kuza ta tsaya ba. Duk namijin da aka ɗauka hannu ɗaya ne ya fita daga gandu. Sa'an nan waɗannan ma'aikata da sojojin da ake tarawa sai sun ci, saboda haka aka yanka wa larduna hatsin da za su kawo, a farashin da gwamnati ta sa, wanda bai kai na kasuwa ba. An kwashe maza an kwashe hatsi a shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Abin da ya biyo baya shi ne 'Yar Gusau, wadda ta sami sunanta daga garin da mutane suka yi ta nufa neman abinci, don yana kan hanyar jirgi.

Dalar gyaɗa

Yaƙin ya bar wani gado. A lokacinsa ne gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona na fitarwa, bayansa kuma aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce: za a riƙe wani abu daga kuɗin manomi a shekarar da kasuwar duniya ta yi kyau, a mayar masa a shekarar da ta faɗi. Riƙewar an yi ta sosai, mayarwar ce ba a cika gani ba. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya lissafa cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, tsakanin harajin fitarwa da rarar da hukumar ta tara, an riƙe wa manomin gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihunsa. Wannan haraji ne na biyu, wanda ba shi da dogari ba shi da rasit. Manomi bai san ma ana karɓarsa ba, shi dai ya ga an ce ga farashin bana.

Ana cikin haka Muda ta zo. Ita ba fari ne ya kawo ta ba, ruwa ne ya yi yawa a daminar 1953 ya lalata gero a arewacin Katsina da Daura da Kano da ƙasar Sakkwato. Masu ba da labari sukan danganta sunan da mudu, don hatsi ya yi tsadar da ba mai zancen dami ko buhu. A waɗannan shekaru dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, buhu kan buhu, saboda jirgi ya kasa kwashe ta, hukumar kuma tana da miliyoyin fam a ajiye. Hoton dalar nan muke liƙawa a bango yau muna cewa zamanin albarka. Kakata a wannan zamanin albarka aka kai ta ɗaki, ta ce dusa suka yi ta ci har gero ya nuna.

Akwai wata magana a nan da ba ta da daɗi ga irinmu. Kuɗin da aka riƙe wa manomi ba duka Ingila suka tafi ba. Da su aka yi hanyoyi da masaƙu da makarantu a Arewa, kuma sun shiga cikin ginin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Ana iya cewa an yi abin kirki da su, ni ma na yarda an yi. Amma ba a shawarci mai gyaɗar ba, kuma 'ya'yansa ne suka fi ƙaranci a cikin azuzuwan da gyaɗarsa ta gina. Ɗalibin da yake raina baƙauye ya tuna da wannan in ya shiga ɗakin karatu.

Ba a ce talaka bai gane ba. Ya gane, ya kuma yi abin da yake iyawa: gudun haraji, ɓoye shanu ranar ƙidayar jangali, ƙetare iyaka, tafiya cin rani. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, abin da ya ja mata jama'a a karkara shi ne ta kira waɗannan abubuwa da sunayensu a bainar jama'a, haraji da jangali da aikin tilas a gonar hakimi da zaluncin kotun alƙali, 'ya'yanta kuma suka sha ɗauri da bulala a kan haka.

Bayan mulkin kai

Turawa sun tafi a 1960, tsarin bai bi su ba. Haraji da jangali da hukumar sayen amfanin gona duk suna nan lokacin da babban farin 1972 zuwa 1974 ya zo. Ruwan da Kano ta samu a 1973 bai kai ko na 1913 ba. Dabbobi suka mutu ba adadi, Buzaye da Fulanin da suka rasa dukiyarsu suka cika biranen Arewa suna bara. Mutane ba su mutu a Nijeriya kamar yadda suka mutu a Kakalaba ba, kuma dalilin abin lura ne: akwai motoci da hanyoyi, akwai kuɗin man fetur da ya buɗe aikin leburanci a birane, saboda haka mai cin rani yana samun abin aikowa gida. Fari ya fi na da tsanani, mutuwa ta ragu, domin hanyar samun kuɗin sayen mudu ta ƙaru. Agajin gwamnati kuwa ta hannun masu sarauta da 'yan kwangila ya bi, ƙorafin karkatar da shi kuma ya yi yawa. A Nijar irin wannan zargi na ɓoye hatsin agaji yana cikin hujjojin da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974.

A cikin waɗannan shekaru ne masana suka fara rubuta abin da talaka ya daɗe da sani. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa a ƙauye ɗaya akwai manoman da talauci ya hana su noma gonarsu, don dole su yi wa wani ƙwadago a lokacin da tasu gonar take bukatarsu. Michael Watts ya yi bincike a ƙasar Kaita ya fitar da littafinsa a 1983, ya kira abin da yake faruwa ta'adi marar ƙara. Amartya Sen na Indiya ya nuna a 1981 cewa yunwar Bengal ta 1943, wadda ta kashe miliyoyi, ta auku alhali abinci bai ƙare a ƙasar ba, ikon sayensa ne ya kuɓuce wa matalauta.

A watan Oktoba na 1979 gwamnatocin PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ita gyaɗar ma ta riga ta durƙushe tun bayan farin da cutar da ta auka mata a 1975. Da haraji ne kaɗai ciwon, da an warke. Amma zoben nan da ya ƙulla, na sayarwa da arha da kaka a saya da tsada da damina, ya riga ya kafu, kuma ya sami waɗansu masu juya shi: kuɗin taki, kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, gonar gado da ake ta rabawa tana ƙanƙancewa, da bashin da ba ya ƙarewa.

Wanda yake shakka ya dubi abin da ya faru a Nijar a 2005. An yi ƙarancin ruwa da fara a 2004, amma giɓin hatsin ƙasar bai wuce wajen kashi goma cikin ɗari ba. Inda yara suka fi galabaita kuwa shi ne jihar Maraɗi, rumbun ƙasar kuma cibiyar manyan 'yan kasuwarta. Ƙananan manoma sun sayar da geronsu tun kaka don biyan bashi, hatsi ya yi ta ƙetarowa Nijeriya inda ya fi tsada, kafin watan Yuli buhun gero ya ninka kuɗinsa fiye da sau biyu. Kasuwa cike take da hatsi. A farkon wannan shekara gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari, sai da jama'a suka yi ta zanga-zanga sannan ta janye mafi yawansa. Ta kuma daɗe tana ƙin raba abinci kyauta, wai kada a ɓata kasuwa, sai dai ta sayar da rangwame ga mutanen da ba su da ko kuɗin rangwamen. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu sittin masu tsananin tamowa a ƙasar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A watan Agusta Shugaba Tandja Mamadou ya gaya wa BBC cewa ba yunwa ake yi a ƙasarsa ba, mutanensa ma da alamar ƙoshi a jikinsu.